Waiwaye: kumburin muƙamuƙin yaran Yuganda da bairos ɗin da kusan kowa ke yawo da shi

Kafin 1964 in ka ce bairos na jawo wa ɗan Adam ciwon kansa, wato ciwon daji, likitoci ma kallon mai tatsuniya za su yi maka. A kaji dai an san da haka tun 1911, amma mutum? Ba wanda ya taɓa gani.

Abin ya faro ne a asibitin Mulago da ke Kampala a 1957. Aka kira wani likitan tiyata ɗan Ayalan, Denis Burkitt, ya duba wani yaro da muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, hagu da dama, haƙora duk suna girgiɗi, fuskar ta jirkice. Ba hangum ba ne, ba ciwon haƙori ba. Ba a daɗe ba sai ga wani yaron mai irin fuskar a Jinja, toh daga nan ya shiga tonon tsofaffin fayil, a 1958 ya wallafa bayanin yara 38. Daga baya aka gane limfoma ce, wato kansar fararen ƙwayoyin jinin nan masu gadin jiki da ke taruwa a kaluluwa, aka sa mata sunansa, limfomar Burkitt, kuma tana cikin mafi saurin girma, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙwayoyinta kan ninka.

Ni abin da ya fi burge ni da mutumin nan shi ne bai tsaya a ɗakin tiyata ba. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka hau tsohuwar mota Ford, suka yi tafiyar wajen mil 10,000 a gabashi da kudancin Afirka, asibiti bayan asibiti suna tambaya, kun taɓa ganin yaro haka? Da suka zana amsoshin a taswira sai ga abin mamaki, cutar na bin inda ake zafi da ruwan sama, ba ta cika hawa tuddai masu sanyi ba, kai ka ce taswirar sauro ce.

A shekarar dai Burkitt ya yi lacca a Landan, wani mai bincike Anthony Epstein na zaune a ciki, jin maganar zafi da ruwa kawai ya ce a ransa akwai ƙwayar cuta a nan. Aka riƙa aiko masa da tsokar ciwon ta jirgi, kusan shekara uku shiru. Sai a Disambar 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgin zuwa Manchester, saƙon ya iso a makare ruwan cikinsa ya yi gurɓi-gurɓi kamar ya lalace, ashe ƙwayoyin kansar ne suka warwatsu suna iyo da ransu. Su aka raina a lab, a 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango bairos ɗin da yanzu ake ce wa EBV, wato bairos ɗin Epstein-Barr. Mu ma da hannunmu a ciki fa, a Ibadan ne a 1963 wani likita Pulvertaft ya raini ƙwayoyin kansar da ake kira Raji daga wani yaro ɗan shekara 11, har yau ana aiki da su a duniya, can kuma Victor Ngu ɗan Kamaru ya yi ta gwada maganin kemo a kan cutar.

Sai kuma murna ta so komawa ciki, don da aka auna jinin mutane an tarar sama da kashi 90 na manya a duniya suna ɗauke da EBV lafiyarsu ƙalau. Ta yawu yake yaɗuwa. Toh me ya sa sai yaran Afirka da na Papuwa Niyu Gini ne kansar ta fi kamawa?

Amsar tana ga shekaru da kuma wuri. A wajenmu yaro kan ɗauke shi tun yana rarrafe, ga maleriya tana dawowa duk damina tana zaburar da ƙwayoyin B, wato irin fararen ƙwayoyin jinin da EBV ke ɓuya a cikinsu, su yi ta rabuwa tana kuma raunana masu sa wa bairos ɗin ido, a cikin wannan hayaniya ne wani yanki na kuromosom 8, ɗaya daga zarurrukan gado da ke cikin ƙwaya, kan ɓalle ya manne wa na 14, birkin da ke tsayar da rabuwar ƙwayar ya tsinke. A Turai da Amurka da yawa sai sun balaga suke kamuwa, ya zo musu da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kasala, ciwon sumba suke ce masa. Suna da Burkitt su ma, amma a cikin ciki ta fi fitowa ba a muƙamuƙi ba, kuma akasari babu EBV a cikinta, alhali a ta Afirka kusan duka akwai shi. Wata limfomar daban mai suna Hodgkin ma haka, an fi samun bairos ɗin a ta yaran ƙasashe matalauta da ta tsofaffi, ba ta samarin ƙasashe masu kuɗi ba.

Japan kuma nata labarin daban. A kudu, wajen Kyushu, an gano wata kansar jini ta manya a 1977, daga baya aka danganta ta da wani bairos daban mai suna HTLV-1, jariri ya sha shi a nono amma sai ya kai hamsin ko sittin abin ya tashi, a kaɗan daga cikinsu ma. Da ƙanjamau ta ɓulla a shekarun 1980 sai limfoma ta yawaita ga masu ita ko'ina, don garkuwar da ke danne EBV ta rushe.

A ƙasashe masu hali yara kusan 9 cikin 10 na warkewa daga Burkitt, a nan kuwa da yawa sai kumburin ya rufe ido ake kai su asibiti bayan an gama shafe-shafe a gida, ga kuɗin kemo. Epstein ya mutu a 2024 yana da shekara 102, allurar rigakafin bairos ɗin nasa kuma har lokacin tana matakin gwaji.