Likitan hoto da zuciyar da ba ta tsayawa: tambayoyi da amsoshi kan hoton CT na zuciya

A manyan asibitoci akwai likitan da mara lafiya ba kasafai yake ganin fuskarsa ba, amma da rahotonsa likitan zuciya yake yanke shawara: a tsaya ga magani, ko a zura bututu, ko a shiga tiyata. Shi ne likitan hoto, wanda ake ce wa likitan rediyoloji. Tambayoyin nan sun shafi irinsa da ke aiki a asibitin koyarwa na jami'a kuma ya ƙware a hoton CT na zuciya, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da hasken eksire da kwamfuta. Wanda za a kafa misali da shi shi ne Farfesa Marc Dewey na asibitin Charité da ke Berlin a ƙasar Jamus.

Shi likitan hoto, ba shi ne mai danna na'ura ba?

A'a. Wanda ya kwantar da kai, ya ce ka riƙe numfashi, ya danna na'ura, ma'aikacin ɗaukar hoto ne, kuma sana'arsa daban ce, da nata horon. Likitan hoto cikakken likita ne da ya gama karatun likitanci sannan ya ƙara shekaru yana koyon karanta cikin jikin mutum ta hoto. A Jamus karatun likitanci shekara 6 ne, ƙwarewa a fannin hoto kuma shekara 5. Shi ke tsara yadda za a ɗauki hoton, ya duba abin da ya fito, ya rubuta rahoto ya sa hannu. In an yi kuskure, shi za a tambaya.

Me ya raba na jami'a da sauran?

Nauyi uku ne a kansa. Yana karanta hotunan marasa lafiya kamar kowane likitan hoto, yana koyar da ɗalibai da likitocin da ke neman ƙwarewa, sannan yana bincike. Na ukun nan shi ne ke ɗaga mutum zuwa farfesa, kuma shi ya fi cin rai, don ya haɗa da neman kuɗin bincike, da neman izinin kwamitin ɗa'a, da tara marasa lafiya na shekaru, da jiran abin da lissafi zai nuna ko da ya saɓa wa abin da mutum yake fata.

A ganina, ainihin aikinsa ke nan. Kamfanin da ya ƙera na'ura zai nuna maka hoto mai kyau a talla. Na jami'a shi ne mai tambayar da kamfani ba ya ɗokin yi: wannan kyakkyawan hoto, ya canza wani abu a rayuwar mara lafiya, ko kuwa ƙarin kuɗi ne kawai?

Me ya sa zuciya ta yi wuyar ɗauka, alhali CT ya daɗe?

CT hasken eksire ne da ke zagaya jiki, kwamfuta ta haɗa abin da ya ratsa ta fito da hoton jiki yanka-yanka. Godfrey Hounsfield, injiniya a kamfanin EMI na Ingila, shi ya ƙera na farko, aka fara gwada shi a kan wata mata a asibitin Atkinson Morley da ke Landan ranar 1 ga Oktoba, 1971. A 1979 aka ba shi kyautar Nobel tare da Allan Cormack, masanin kimiyyar lissafi haifaffen Afirka ta Kudu. Amma waccan na'ura ta kai ce kawai, kuma tana cin kusan minti biyar kafin ta gama zagaye. Kai ana iya riƙe shi ya tsaya cik. Zuciya fa?

Zuciya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, jijiyoyin da ke kai mata jini kuma kaurinsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, suna ƙara sirancewa a gaba. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaukar hoton doki yana sukuwa ranar hawan daushe da ƙaramar waya ya san abin da ke fitowa: dishi-dishi. Matsalar ke nan da ta cinye injiniyoyi da likitoci shekara talatin.

Douglas Boyd na jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ya fara samo mafita a farkon shekarun 1980, da na'urar da babu abin da ke juyawa a cikinta, tana ɗaukar hoto cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ko ƙasa da haka. Tana da tsada, ba ta yaɗu ba. Hanyar da ta yi nasara ita ce ta ƙara gudu da ƙara layukan ɗauka: CT mai juyawa ba tsayawa a 1989, wanda Willi Kalender na Jamus ya yi fice a kai, sai mai yanka 4 a 1998, mai yanka 64 a 2004. A 2005 Siemens ta fito da mai fitilun eksire biyu, a 2007 Toshiba ta kawo mai layi 320 da ke rufe santimita 16, wato zuciya gaba ɗaya a bugu guda. Ana kuma manna wa mutum wayoyin awon bugawar zuciya a ƙirji, don na'ura ta kama ɗan lokacin nan da zuciya ke lafawa tsakanin bugu da bugu. Daga mai yanka 64 ne aka fara cewa yanzu kam ana ganin jijiyoyin da gaske.

Me ake nema a hoton?

Gwaji biyu ne da mutane ke yawan haɗawa. Na farko awon kalsiyam ne, ba allura, ba ruwan rini. Idan kitse ya daɗe a bangon jijiya, wani sashensa yakan ƙandare ya zama kamar alli, kuma CT na ganinsa fari fat. A 1990 Arthur Agatston, likitan zuciya a Miami, da Warren Janowitz, likitan hoto, suka fito da hanyar ba shi maki. Wanda ya sami 0 haɗarinsa kaɗan ne a shekaru masu zuwa; wanda ya haura 400 sai a tashi tsaye.

Na biyu shi ne hoton cikin jijiyar kanta. Ana ɗura ruwan rini mai sinadarin aidin ta jijiyar hannu, jini ya yi haske, sai a ga inda hanya ta ƙuntata da kuma yawan kitsen da ke manne a bango, har wanda bai ƙandare ba.

Yaya ake shirya mutum?

Ana so zuciya ta sauko zuwa wajen bugu 60 a minti, don haka sau da yawa akan ba da ƙwayar rage gudun zuciya irin su metoprolol. Akan hana kofi da shayi sa'o'i kafin gwajin. Mai cin goro ya sani cewa goro ma yana cikin lissafin, don sinadarin da ke cikin kofi yana cikinsa. Dab da ɗauka akan fesa ko a sa maganin nitroglycerin ƙarƙashin harshe don jijiyoyin su buɗe. A nan ne ake buƙatar gaskiya: wanda ya sha maganin ƙarfin maza irin su Viagra a kwana ɗaya ko biyu da suka wuce ya faɗa, kunya ba ta da amfani, domin haɗuwar magungunan biyu na iya faɗar da jini ƙasa warwas. Akan kuma duba lafiyar ƙoda saboda rinin. Ɗaukar hoton kanta daƙiƙoƙi ce. Za ka ji ɗumi ya ratsa jikinka, shi ke nan.

A ina Marc Dewey ya shigo?

Kafin CT, hanyar da aka dogara da ita wajen ganin jijiyoyin zuciya ita ce zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko cinya har zuwa bakin zuciya, a fesa rini a ɗauki hoto. Hanya ce mai kyau, kuma in an tarar da toshewa ana iya buɗewa nan take a sa ɗan ragar ƙarfe. Sai dai shiga jiki ce, tana iya jawo zubar jini, wani lokaci shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya. Abin takaici kuma, da yawa daga waɗanda ake zura wa bututun saboda ciwon ƙirji sai a tarar ba su da wata toshewa ta a zo a gani.

Dewey na cikin waɗanda suka yi binciken CORE-64, wanda jami'ar Johns Hopkins ta jagoranta aka buga a 2008. An gwada CT mai yanka 64 da hoton bututu a kan mutum 291, aka ga CT ya kama kashi 85 cikin 100 na masu toshewa. Wannan tambaya ce ta ko hoton yana faɗar gaskiya. Tambayar da ta fi ta nauyi ita ce: in aka fara da CT maimakon bututu, mara lafiya zai cutu?

Ita ce Dewey ya jagoranci amsawa a binciken DISCHARGE, da kuɗin Tarayyar Turai. Asibitoci 26 a ƙasashen Turai 16 suka tara mutum 3,561 masu ciwon ƙirji wanda ba na gaggawa ba, waɗanda likitocinsu suka riga suka tura a zura musu bututu. Aka jefa ƙuri'a: rabi su fara da CT, rabi su tafi bututu kai tsaye. Aka bi su shekara uku da rabi, sakamako ya fito a 2022. Mutuwa ta dalilin zuciya da jijiyoyin jini, bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki sun sami kashi 2.1 cikin 100 a ɓangaren CT, kashi 3.0 a ɓangaren bututu. Tazarar ba ta kai a ce CT ya fi ba, kuma masu binciken ba su ce ya fi ba. Inda bambanci ya fito fili shi ne manyan matsalolin da gwajin kansa ke haifarwa: 0.5 cikin 100 a CT, 1.9 a bututu. Mafi yawan waɗanda suka fara da CT ma ba su buƙaci bututu ba a farkon kulawar.

A lura da tsawon lokacin. An fara ɗaukar marasa lafiya a 2015, amsa ta zo bayan shekara 7. Rayuwar mai bincike ke nan.

To hoton yana rage mutuwa ne?

Hoto ba ya warkar da kowa. Abin da likita ya yi bayan ya gani shi ne magana. A Sikotilan, binciken SCOT-HEART da David Newby na Edinburgh ya jagoranta a kan mutum 4,146 ya nuna a 2018 cewa bayan shekara 5, mutuwa ta ciwon jijiyoyin zuciya ko bugun zuciya ya kasance 2.3 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa CT, 3.9 ga waɗanda ba a yi wa ba. Ba yawan tiyata ne ya kawo haka ba. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne an gano masu kitse a jijiya da wuri, aka ɗora su kan maganin rage kitsen jini da asfirin. A Amurka kuwa, binciken PROMISE na 2015 mai mutum 10,003 bai ga bambanci tsakanin CT da gwajin wahalar da zuciya, wanda ake sa ta aiki tuƙuru a ga yadda za ta yi, ba. Duk da haka hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin gwaji da magani, ta mai da CT gwajin farko ga irin wannan ciwon ƙirji tun 2016.

Hasken eksiren ba ya illa?

Yana da nasa haɗarin, shi ya sa ba a yin gwajin don nishaɗi. A wajen 2007 gwaji ɗaya kan kai milisibat 12 (ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha), alhali abin da mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama a shekara bai wuce 2 zuwa 3 ba. Bayan shekara goma, wani bincike na ƙasa da ƙasa ya nuna adadin ya ragu da kashi 78 cikin 100, galibi don an koyi kunna fitilar a ɗan lokacin da ake buƙata kawai, da rage ƙarfinta ga marasa jiki.

Ina ne hoton yake gazawa?

Ƙarfinsa yana wajen cewa "babu". In CT mai kyau ya nuna jijiyoyi garau, da wuya a ce akwai toshewa. In ya ce "akwai", sai a yi hattara, don kalsiyam mai yawa yakan ƙyalle ya sa hanya ta yi kamar ta fi ƙunci. Bugun da ba ya bin tsari, ƙiba sosai, rashin iya riƙe numfashi, duk suna ɓata hoto. Wanda kuma ciwon ƙirji ya turnuƙe shi yanzu-yanzu, da gumi, awon zuciya ya nuna jijiya ta toshe, ba a ɓata masa lokaci da CT. Ɗakin bututu ake nufa da shi. Na'urar da ke ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya, wadda hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2021, tana rage matsalar ƙyallin nan, sai dai kuɗinta ba na kowane asibiti ba ne.

Wa ya kamata ya karanta hoton, likitan zuciya ko likitan hoto?

An daɗe ana jan wannan igiya a Amurka da Turai. Likitan zuciya ya san mara lafiyar da abin da za a yi masa. Likitan hoto ya san na'ura, kuma ba zai tsallake ƙullutu a huhu ba don kawai an aiko mutum saboda zuciya, tunda huhu da ƙashin baya suna fitowa a hoton. Tun 2016 ɓangarorin biyu suka amince da ma'auni ɗaya na rubuta rahoto, CAD-RADS, daga 0 wato babu komai, zuwa 5 wato jijiya ta toshe gaba ɗaya.

Ɗalibin likitanci a Nijeriya da ke sha'awar fannin, ta ina zai bi?

Bayan digirin likitanci da shekarar horon asibiti da hidimar ƙasa, zai nemi gurbin ƙwarewa a sashen hoto na asibitin koyarwa, irin na Aminu Kano ko na jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya yi jarrabawar Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda fannin hoto ke ƙarƙashinta. Hoton zuciya ƙarin horo ne a bayan wannan, a cibiyar da ke da na'ura mai yanka 64 ko sama da haka, kuma take yin gwajin a kai a kai. Ya kuma riƙi ilimin ƙididdiga tun da wuri, don ba zai iya tsara bincike ko gane ramin binciken wani ba sai da shi.