Furotin: kalmar da muke aunawa da tiya

Tun da kiwon tarwaɗa ya shigo gidaje a Maraɗi, kalmar furotin ta zama ruwan dare. Tana jikin buhun abincin kifi, tana bakin ma'aikatan lafiya idan ana zancen tamowa, tana bakin samari masu ɗaga ƙarfe. A rediyo fassara ɗaya ake yi mata: sinadari mai gina jiki. Ba ƙarya ba ne, amma rabin magana ne, kuma rabin da ake bari shi ne ya fi damuna.

Kwanan baya na ji wani mai gabatar da shiri yana cewa a yawaita ba yara kan kifi, wai furotin ɗin ƙwaƙwalwar kifin zai wuce kai tsaye zuwa tasu. Niyyarsa mai kyau ce, sai dai jiki ba haka yake aiki ba. Furotin ba abu guda ba ne kamar gishiri ko gero da za a ce a ƙaro tiya biyu. Sunan zuri'a ne mai dubban iri. Kowane iri an jera shi ne daga ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, kamar ƴaƴan carbi a zare, kuma yadda aka jera su ne ke sa ya naɗe ta wata siffa ya kama wani aiki. Idan ka ci kifi ko ƙosai ko ƙuli-ƙuli, ciki tsinke carbin yake yi, ƴaƴan su shiga jini, jiki ya sake jera nasa bisa umarnin ƙwayoyin gado, wato tsarin halittar da muke gada daga iyaye. Kamar a rushe tsohuwar katanga ne a jiƙa ƙasar a sake buga tubali. Ƙasar ɗaya ce, ginin daban.

Ita kanta kalmar daga Girkanci aka samo ta a 1838, ma'anarta abin da ke kan gaba, na farko. Ni dai na fi ganin gaskiya a wannan sunan fiye da namu, kuma a ƙwan kifi na gane haka.

Wani ƙanena yana ƙyanƙyasar tarwaɗa a bayan gida. Ya matse ƙwan macen a roba, ya haɗa da maniyyin namiji, ya baza a kan raga cikin ruwa. Washegari sai ga ƴan mitsi-mitsin abubuwa suna kaɗa jela, kowane da ƙullin gwaiduwa a ciki. Ya ce mini, "Yaya, kwana uku ba na ba su komai, amma har ido suke yi. Daga ina?" Daga wannan gwaiduwar ne, wadda hantar uwar ta haɗa furotin ɗinta ta tura cikin ƙwai. To amma gwaiduwa kayan gini ce kawai. Wa ya nuna inda za a sa kai, inda laka za ta bi?

Masana sun bi wannan tambayar ta kan wani ɗan kifi mai zane kamar jakin dawa, ɗan asalin kogunan Indiya da Bangaladesh, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba. George Streisinger na Jami'ar Oregon a Amurka ne ya mayar da shi kifin bincike, saboda ɗan tayinsa garau yake kamar gilashi, ana kallon komai ta madubin ƙara girma. Cikin awa 24 an riga an shata sassan ƙwaƙwalwa, jela tana motsi. Abin da aka gani shi ne, ƙwayoyin halitta aika wa juna saƙo suke yi, kuma saƙon kansa furotin ne. Akwai wanda ake kira BMP, yana umartar ƙwayoyin saman ɗan tayi su zama fata. Ta gefen baya sai wani mai suna Chordin ya riƙe shi ya hana shi magana, kuma daidai inda aka yi masa shiru nan ne ƙwaƙwalwa da laka ke fitowa. Daga ƙarƙashin lakar wani furotin yana yaɗuwa, ya yi yawa a kusa, ya ragu a nesa, kuma da wannan bambancin ne ƙwaya ke sanin ko za ta zama jijiyar da ke motsa tsoka. Sannan jijiyar da ke miƙewa tana bin sawun wasu furotin, irin su netrin, kamar makiyayi yana bin burtali.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani daga cikin irin wannan kifin mai zane da aka samu a Oregon, aka ba da rahotonsa a 1991. Furotin ɗaya tak ya lalace masa, wanda ke tsara tsakiyar ƙasan ƙwaƙwalwa. Sai filin da ya kamata ya rabu biyu ya ba da idanu ya ƙi rabuwa, idanun suka haɗe a tsakiyar fuska. Gwaiduwarsa cike take, kayan gini bai rasa ba. Ɗan aike guda ne bai iso ba. Ko buhu nawa aka zuba wa uwarsa, ba zai gyaru ba.

Kada a ce wannan zancen kifi ne kurum. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon mutum suna da takwara a wannan ɗan kifin, kuma waɗannan ƴan aiken suna aiki a cikin mahaifa tun makonnin farko, sau da yawa kafin mace ta tabbatar tana da ciki.

Shi ya sa "mai gina jiki" ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da an faɗe ta, hankali sai ya tafi ga damtse da ƙirji, wato ga namiji mai aikin ƙarfi, sai tsokar nama ta tafi kwanon maigida, mai ciki da yaron da aka yaye a bar su da kunu da romo. Alhali a jikinsu ne ake shimfiɗa jijiyoyin da ba a sake shimfiɗa irinsu. Wake da gyaɗa da fara da kifin tafkin Madarunfa duk suna kasuwarmu. Ƙanena ma, tun da muka yi wannan hirar, iyayen tarwaɗar yake fara ba abinci mai kyau makonni kafin ya matsi ƙwai.