Harshe da Tazarar Arziki

Alaƙar harshe da tazarar arziki fanni ne na bincike da ke duba yadda harshen da mutum yake ji, da karin harshen da ya tashi da shi, har da lafazinsa, suke shafar nisan karatunsa da irin aikin da zai samu da albashin da za a biya shi. Masana tattalin arziki da masana zamantakewar harshe ne suka fi rubutu a kai. Galibinsu sun yarda cewa babu harshen da ya fi wani a ƙirarsa. Darajar da harshe yake samu a kasuwa tana zuwa ne daga inda hukuma da masu ɗaukar aiki suka ajiye shi: da shi ake jarrabawa, da shi ake shari'a, da shi ake rubuta takardar neman aiki. Wanda aka haifa cikin wannan harshe ya sha shi a nono. Saura kuwa sai sun saye shi da kuɗi da shekaru.

Asalin fannin

Ana yawan danganta farkon fannin da wata maƙala da Jacob Marschak ya buga a 1965, ko da yake bincike mai alƙaluma bai kankama ba sai wajen shekarun 1970, musamman a Kanada. Masanin zamantakewa Pierre Bourdieu na Faransa ya yaɗa ra'ayin cewa harshe jari ne: ana gadonsa, ana juya shi, kuma makaranta ce kasuwar da ke yanka masa farashi. Barry Chiswick da Paul Miller sun yi fice a nazarin albashin baƙi, François Grin kuma a nazarin ribar harsunan waje a Suwizalan.

Tarihi

Misalin da aka fi kawowa shi ne Indiya. A 1835 Thomas Macaulay ya rubuta wa gwamnatin mulkin mallaka shawarar a karkatar da kuɗin ilimi zuwa koyarwa da Turanci, aka kuwa karɓa. A 1837 aka sauke Farisanci daga matsayinsa na harshen kotu, sannan a 1844 gwamnati ta ba da sanarwar fifita masu ilimin Turanci wajen ɗaukar ma'aikata. Cikin shekara tara ke nan aka rage wa wani ilimi daraja aka ɗora wa wani, alhali masu Farisancin ba su manta ko harafi ɗaya ba.

Yawancin ƙasashen Afirka da suka sami 'yancin kai wajen 1960 sun riƙe harshen Turawan da suka mallake su a matsayin harshen hukuma. Hujjar da aka bayar ita ce haɗin kan ƙasa, don zaɓar harshen wata ƙabila zai fusata sauran. Carol Myers-Scotton ta nuna ɗaya fuskar lamarin: 'yan bokon da suka gaji mulki su ne masu harshen, kuma barin sa a matsayin sharaɗin muƙami ya zama ƙofar da suka rufe a bayansu. Tanzaniya ta raba gardama, ta sa Suwahili a firamare tun 1967, Turanci a sakandare. A Afirka ta Kudu, umarnin 1974 na tilasta koyar da wasu darussa da Afirkans, harshen fararen fata masu mulki, a makarantun baƙaƙen fata shi ya kai ga boren ɗaliban Soweto na 16 ga Yunin 1976. A Haiti kusan kowa Kiriyol yake ji, wato harshen gida da ya tsiro daga Faransanci, 'yan tsiraru ne suka ƙware a Faransanci, amma sai a tsarin mulkin 1987 Kiriyol ya zama harshen hukuma tare da shi.

Lardin Kebek na Kanada shi ne inda aka fi tattara bayanai. Hukumar binciken da gwamnatin tarayya ta kafa a 1963 ta duba ƙidayar 1961, ta jera kuɗin shigar maza na al'ummomi 14 a lardin. Masu asalin Faransa, waɗanda su ne kusan kashi 80 cikin ɗari na jama'a, sun zo na 12. 'Yan asalin Italiya da 'yan asalin ƙasar na farko kaɗai ke ƙasa da su. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne Bature ɗan asalin Birtaniya mai Turanci kaɗai ya fi Bafaranshe mai harshe biyu samu. Wato sanin harshe na biyu bai cike giɓin ba, tunda masu kamfanonin da manyan manajojinsu Turanci suke yi da junansu. Dokar harshen Faransanci ta 1977, wadda aka fi sani da Doka ta 101, ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama ya mayar da Faransanci harshen aiki ya karɓi takardar shaida, ta kuma tura 'ya'yan baƙi makarantun Faransanci. Cikin shekarun da suka biyo baya tazarar albashin ta ragu ƙwarai. Ana saɓani kan rabon dokar a wannan sauyi, domin a daidai lokacin ilimi ya faɗaɗa a lardin, wasu manyan kamfanoni kuma sun kwashe hedikwatarsu zuwa Toronto da manyan ma'aikatansu.

Maroko ta ba da darasi na daban. Daga 1983 aka fara sauya harshen koyarwa na sakandare daga Faransanci zuwa Larabci, amma kamfanoni da sassan kimiyya na jami'a suka ci gaba da Faransanci. Joshua Angrist da Victor Lavy, a binciken da suka buga a 1997, sun gano cewa ƙarin albashin da karatun sakandare ke kawowa ya faɗi, har kusan rabi, ga waɗanda sauyin ya shafa, saboda rubutun Faransancinsu ya yi rauni. An sauya makaranta an bar kasuwa yadda take, masu hali kuwa suka kai 'ya'yansu makarantun kuɗi. A 2019 ƙasar ta yi dokar da ta buɗe hanyar komawa koyar da kimiyya da Faransanci.

Yadda ake aunawa

Hanyar da aka saba ita ce a ɗauki bayanan ƙidaya ko na binciken gidaje, a kwatanta albashin mutanen da suka yi daidai a shekarun karatu da shekarun aiki da jinsi da wurin zama, amma suka bambanta a ƙwarewar harshe. Ragowar bambancin shi ake kira ribar harshe. Da irin wannan hanya Mehtabul Azam da Aimee Chin da Nishith Prakash suka yi amfani da bayanan Indiya na 2005, suka samu cewa namiji mai Turanci sosai ya fi wanda ba ya ji da kashi 34 cikin ɗari a ladan awa, mai ɗan kaɗan kuma da kashi 13.

Lissafin yana da ramuka uku. Na farko, mutum ne da kansa yake faɗin yadda ya iya harshen, kuma wani yakan zuzuta kansa, wani ya rage. Na biyu, mai kaifin ƙwaƙwalwa ko ɗan gidan masu hali shi ne ya fi saurin koyon harshe, kuma ko ba harshen zai iya samun albashi mai tsoka, sai a jingina wa harshe abin da ba nasa ba. Na uku, wani lokaci aikin ne ya koyar da harshen, ba harshen ya kawo aikin ba. Don kauce wa waɗannan, Hoyt Bleakley da Aimee Chin a 2004 sun duba shekarun da yaro yake da su lokacin da ya shiga Amurka, suka kwatanta yaran ƙasashe masu Turanci da na waɗanda ba sa yi. Sun samu ribar tana da girma, kuma mafi yawanta ta hanyar makaranta take bi: wanda ya iya harshen ya fi daɗewa a aji.

Harshen koyarwa

Tun 1953 UNESCO ta ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen uwa. Duk da haka, rahoton Bankin Duniya na 2021 ya ƙiyasta cewa kashi 37 cikin ɗari na ɗaliban ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ana koyar da su da harshen da ba su ƙware a kai ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ajin sauyi. Tsarin da ya fi yawa shi ne harshen gida shekara uku, sannan a aji huɗu a juya gaba ɗaya zuwa harshen hukuma. Binciken Carol Macdonald a Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 1990, ya ƙiyasta cewa yaro yakan iso ajin sauyi, wanda a lokacin aji biyar ne a can, da kalmomin Turanci kusan 800, alhali littattafan ajin suna buƙatar kusan 5,000. Daga nan sai malami ya koma karanta-in-karanta, yara su haddace abin da ba su gane ba. Jim Cummins ya bambanta harshen hira, wanda ake kamawa cikin kamar shekara biyu, da harshen karatu mai cin shekara biyar zuwa bakwai. Yaro yana iya hira lafiya lau a filin wasa ya kasa bin bayanin lissafi, sai a ɗauka daƙiƙi ne. Gwajin Ife da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin, ko da yake masu suka sun lura cewa makarantar gwajin ta sami malamai da kayan aiki na musamman. Ruwanda ta sauya daga Faransanci zuwa Turanci a 2008 a lokacin da malamai da yawa ba su iya Turancin ba.

Iyaye talakawa su ne sau da yawa kan gaba wajen neman harshen hukuma tun daga aji ɗaya, kuma ba za a ga laifinsu ba: sun san da wane harshe ake hirar ɗaukar aiki.

Lafazi da karin harshe

Ko cikin harshe ɗaya akwai farashi. A wani gwaji da aka buga a 1999, John Baugh ya riƙa buga waya ga masu ba da hayar gida a yankin San Faransisko, yana faɗin magana ɗaya da karin harshe uku. A unguwannin da farar fata suka fi yawa, muryar daidaitaccen Turanci ce ta fi samun gayyatar zuwa duba gida. Jeffrey Grogger a 2011 ya samu cewa baƙaƙen fatan Amurka da ake gane su ta murya suna karɓar albashi kusan kashi 12 cikin ɗari ƙasa da farar fata masu ƙwarewa iri ɗaya.

Baƙi

Ƙasashe masu karɓar baƙi suna ƙara ɗaure izinin zama da lasisin aiki ga jarrabawar harshe. Ma'aunin ƙwarewar harshe na Turai yana da matakai shida, daga A1 na ɗan koyo zuwa C2 na ƙwararre. Jamus tana neman B1, mataki na uku, don zama ɗan ƙasa, kuma kwas ɗinta na baƙi yana da darasin harshe na awa 600. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS kuwa shekara biyu ake karɓarsa.

Batutuwan da ake saɓani a kai

Joshua Fishman da Jonathan Pool sun lura cewa ƙasashe masu harsuna da yawa sun fi talauci. Ba a tabbatar cewa yawan harsunan ne sanadi ba. Binciken Betty Hart da Todd Risley na 1995, mai cewa ɗan talaka yana jin kalmomi miliyan 30 ƙasa da ɗan masu hali kafin shekara huɗu, iyalai 42 kaɗai ya duba, kuma wasu da suka sake gwadawa ba su sami irin wannan tazara ba. Tsakanin ƙasashe kuwa, Grin ya ƙiyasta a rahotonsa na 2005 cewa rinjayen Turanci a Turai yana jawo wa Birtaniya aƙalla Yuro biliyan 10 a shekara, adadin da wasu suke ganin an kai shi sama.