Wasan da ya fi min kowane wasa, da sauran tambayoyinku

Ina da ɗan shagon PS, wato na'urar wasan bidiyo ta PlayStation, a ƙauyenmu, gefen Dambatta, kuma tambayoyin nan su ne samari da iyaye suke ta maimaita min. Ga amsoshin a rubuce, kowa ya karanta.

Cikin wasannin da mutum ke bugawa shi kaɗai, wanne ya fi maka?

Resident Evil 4, na 2005, wanda muke bugawa a PS2 (PlayStation 2).

Ba Grand Theft Auto: San Andreas ba?

A'a. Babban wasa ne, ban musa ba. Ya fito a 2004 da birane uku a cikinsa: Los Santos, San Fierro da Las Venturas. Amma cikinku masu rantsuwa da shi, wa ya kai CJ, jarumin wasan, ƙarshen labari? Kuna zama sai ku danna lambobin sirri, ku tara makamai, ku yi ta tsere da 'yan sanda har kuɗinku ya ƙare. Ka gama shi tukuna, sannan ka zo mu yi musu.

PES, wasan ƙwallon ƙafa, fa?

Ƙwallo da abokin karawa ake jin daɗinta. Ba ta cikin wannan lissafi.

To me ya sa Resident Evil 4?

Saboda ba ya barin ka yi sakaci. An tura Leon, jarumin wasan, wani ƙauye a Sifaniya ya ceto Ashley, 'yar shugaban Amurka, mutanen ƙauyen duka sun juya masa, harsashi kuma ƙidayayye ne. Akwatinka ƙarami, sai ka zauna ka jera bindiga da magani kamar mai ɗaure kaya a bayan babur ranar kasuwa. Koren ganye yana warkarwa, ja yana ƙara masa ƙarfi, rawaya yana ƙara tsawon rai. Wanda ya cinye su da wuri zai gane kurensa idan mai zarton inji, mai buhu a ka, ya taso masa.

Wuta ba ta zama, janareta na 'yan awowi ne. Ta yaya zan gama wasa mai tsawo?

Wannan kam ya danganta da abin da ke hannunka. Idan a shago kake bugawa, sayi memori, wato katin ajiye wasa, naka na kanka, mai 8MB ya ishe ka, ka riƙa tafiya da shi gida. Na shago kowa yana taɓawa, wani zai ajiye nasa a kan naka ba da gangan ba. Sai dai ba kowane memori ne abin dogaro ba, wasu masu araha sukan watsar da abin da ke ciki, don haka a gwada maka kafin ka biya.

Sannan ka san inda wasan yake yarda ka ajiye inda ka tsaya. A Resident Evil 4 sai wajen keken rubutu ko ƙarshen babi, don haka duk wanda ka gani ka tsaya, ko da ɗazu ka ajiye. A San Andreas sai ka koma gida, kuma idan ka faɗi a tsakiyar aiki daga farko za ka sake. Idan ka ji muryar janareta ta fara sauyawa, kar ka ɗauki sabon aiki.

Mai waya yana da wata hanya. Manhajar PPSSPP tana buɗe wasannin PSP (PlayStation ta hannu), irin su God of War: Chains of Olympus na 2008, kuma tana bari ka ajiye a duk inda kake so. Amma ƙaramar waya tana iya sarƙewa ko ta yi zafi, cajin da ka biya da safe kuma ba lallai ya kai la'asar ba. San Andreas ma yana waya tun 2013, sai dai ya haura 2GB, ka nemi a tura maka maimakon ka ƙona data. Masu sola kuwa, sau da yawa talabijin ce ke shanye batir, musamman tsohuwa mai ƙeya, ba PS2 siririya ba. Ka gwada da rana ka ga iya abin da batirinka zai ɗauka kafin ka sa rai da dare.

Ɗana ɗan firamare yana naci a kan San Andreas, in bar shi?

Kar ki bar shi, Hajiya. Lambar 18 da ke jikin kwalin ba ado ba ce, shi ma Resident Evil ɗin nawa jini ne a cikinsa. Amma ki kwantar da hankalinki, son wasa ba lalacewa ba ne. A ba shi Super Mario ko tseren mota, bayan ya taso daga Islamiyya, kuma a yanka masa lokaci.

Idan na ce macijin Nokia 3310 ne nawa, za a yi min dariya?

A shagona dai babu mai yi. Kai kaɗai kake buga shi, ba ya cin data, caji ɗaya kuma yana kai ka kwanaki. Ya shiga lissafi.