Tambayoyin da na gaji da amsawa kan DaVinci Resolve

Duk yaron da ya sayi kyamara ya fara ɗaukar biki, ko ya ji CapCut ya yi masa kaɗan, tambayoyinsa kan DaVinci Resolve, manhajar yanka bidiyo da gyaran kala, ba sa wuce waɗannan. Ga su nan na tara wuri guda. Wanda ya sake turo ɗaya daga ciki, nan zan nuna masa.

Oga, da gaske kyauta ne?

Kyauta ne. Na kamfanin Blackmagic Design ne da ke Ostareliya, tun 2009 da ya sayi da Vinci Systems. Ka je shafinsu ka sauke. Ba ya mutuwa bayan wata guda, ba ya manna tambari a aikinka muddin ka tsaya kan kayan da aka ba ka. Na kuɗin shi ake kira Studio, dala 295 sau ɗaya, ba wata-wata ba.

Ina zan samu kirak ɗin Studio?

Ba a wurina ba. Mutum bai gama sanin rabin na kyauta ba, yana neman na sata. Na kyautar yana fitar da bidiyo har 3840×2160, wanda ya fi ƙarfin abin da masu bikinka za su kalla a waya. Abin da za ka rasa shi ne mai goge tsakuwar hoton dare, da Magic Mask mai ware mutum daga bayan hoto, da wasu kayan da ke aiki da basirar na'ura. Ranar da aikinka ya kai ga buƙatarsu, ya kai ya biya kuɗinsu. Kirak kuwa ranar da ya rufe da aikin mutane a ciki, ba ka da wanda za ka kai wa kuka.

Zai hau wayata, ko tablet ɗina na Android?

A'a. Windows, Mac, Linux, sai iPad. Shi ke nan.

Laptop ɗina RAM 4GB ce, zai yi?

Ba zai yi ba, kada ka ƙona datarka. A Windows, 16GB shi ne mafari, da katin girafik mai 4GB nasa na kansa, domin Resolve a kan katin yake jingina fiye da komai. In kana da wannan kuma hoton yana tsinkewa, yi furoksi: ƙananan kwafi marasa nauyi da za ka yi editin da su, lokacin fitarwa ya koma kan na asali da kansa. Kuma ka ɗauke kwamfutar daga kan katifa. A zafin Afrilu, fanka ta toshe, ko na'urar miliyan nawa ce sai ta ja ƙafa.

Wanne ya fi, shi ko Premiere ko Final Cut?

Wanda ka iya. Premiere kuɗin haya ne, Final Cut sai kayan Apple. A gyaran kala Resolve ne gaba, don da shi ya fara tun kafin ya iya yanka. Mai kallo bai taɓa tambayar da me aka yi ba.

iPad kaɗai zai ishe ni aiki?

Ga gajeren aiki, e. An fitar da na iPad a Disamba 2022 da shafi biyu, Cut na yanka da Color na kala, kuma shafin kalar kusan irin na kwamfuta ne, ba wasa ba. Ka nemi iPad mai furosesa M1 ko sama, ka haɗa SSD ta USB-C don cikin iPad ba ya da wuyar cika. Amfaninsa a wurinmu a fili yake: an ɗauke wuta, kai kana aiki. Amma bikin kwana uku da kyamara biyu, kamu da ɗaurin aure da dina, wannan na kwamfuta ne. Studio na iPad ɗin ma daban ake sayensa, kusan dala 95, lasisin kwamfuta ba ya buɗe shi. In yanka kawai kake so, manhajar LumaFusion ta fi sauƙin koyo.

Na gyara kala ta yi kyau a Resolve, da na fitar na tura wa mai biki sai ta koɗe. Mene ne matsalar?

Yauwa. Wannan ce tambayar da ta cancanci zama, kuma ba ta da amsa guda. Duk wanda ya ce maka "danna nan kawai" bai tambaye ka da me ka ɗauka ba, bai tambaye ka a kan me kake kallo ba. Abubuwa da yawa ne ke haifar da ita, wani lokaci biyu ko uku a haɗe, don haka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Fara da abin da aka ɗauka. iPhone tun daga 12 yana ɗaukar HDR, wato bidiyo mai faɗin haske fiye da na yau da kullum, in ba ka kashe ba, manyan wayoyin Android ma da yawa suna da shi. Kai kuma aikinka a Rec.709 yake, wato ma'aunin bidiyo na yau da kullum. Ka zuba wancan cikin wannan ba tare da juyawa ba, sai farar shaddar ango ta zama farin fili, aikin wuyan rigar ya ɓace gaba ɗaya. In ba a ɗauka ba tukuna, kashe HDR a saitin kyamara ka huta. In an riga an ɗauka, sa Color Space Transform, mai juya ma'aunin kala, a nod na farko, wato akwatin gyara na farko a shafin Color, ka gaya masa daga Rec.2020 HLG zuwa Rec.709. Haka in Log ne, S-Log3 na Sony ko Apple Log: hoton toka-toka yake fitowa da gangan, juya shi ake yi, ba a cika masa kala da hannu.

In a Mac kake, akwai wata tsohuwar rigima. Resolve yana ɗauka za a kalli aikinka da gama 2.4 (gama ita ce yadda allo ke raba haske da duhu), irin ta talabijin a ɗaki mai duhu. QuickTime, mai kunna bidiyo na Mac, kuma yana karanta fayil ɗin da wata gama da ta fi haske, sai baƙi ya yi fari-fari, kala ta yi sanyi. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, mai nuna shi ne ya saɓa. Akwai zaɓin Rec.709-A da aka sa saboda wannan, kuma yakan daidaita abin da kake gani da abin da kayan Apple za su nuna. Sai dai ban ce maka magani ne na kowa ba: ka daidaita wa mai iPhone, mai kallo a talabijin ya ga ya ɗan yi duhu. Sai ka zaɓi inda yawancin masu kallonka suke, ka yi domin su.

Sai allon kansa. A iPad da Mac kashe True Tone da Night Shift kafin ka taɓa kala, suna canza farin allo kai ba ka sani ba. Allon laptop mai araha yakan karkata shuɗi, sai ka yi ta ƙara ja don gyarawa, a wayar mutane kowa ya fito kamar an shafa masa manja. Ga shago a buɗe, rana na dukan allon da azahar. Ja labule. Kuma daina yarda da idonka shi kaɗai, buɗe ma'aunan haske da kala na Resolve da kuke rufewa don sun cika wuri. Na haske yana tafiya daga 0 zuwa 1023. In ka ga farin kaya ya kwanta a layin sama ya miƙe, ya ƙone, ko allonka ya nuna maka kyau.

Na ƙarshe WhatsApp. Yana matse bidiyo ya rage nauyi, kuma wurare masu duhu ne suka fi shan wahala, su fashe su yi dabbare-dabbare. Tura shi a matsayin fayil, yana ɗaukar har 2GB ba tare da ya taɓa shi ba.

Bayan duk wannan, zai yi daidai a kowace waya? Ba zai yi ba, kuma kada hankalinka ya tashi. Samsung da ke kan Vivid da Tecno da aka rage wa haske don caji ba za su taɓa nuna abu ɗaya ba. Fitar da daƙiƙa 30, ka duba a waya biyu mabambanta da talabijin in akwai. In fuska ta fito fuskar mutum a dukansu, miƙa aikin.

Turo min LUT ɗin da kake amfani da shi.

LUT shiryayyen gyaran kala ne da ake ɗora wa hoto. Na wani kuwa takalmin aro ne, an yanka shi a ƙafar da ba taka ba. Daidaita haske da farin hoto tukuna, kowane shot ya yi kama da na kusa da shi. Kwalliya daga baya.

Amarya ta ce a ƙara mata fari, yaya zan yi?

Haskaka fuska daban, sauya launin fata daban. Zagaye fuskar da Power Window, abin keɓe wani yanki na hoto, ɗaga tsakiyar haske kaɗan, sa shi ya bi motsinta. Amma ku da kuke ja har fuska ta yi toka, hannu da wuya suna nan yadda Allah ya yi su, kuna kunyata ta ne a gaban danginta. A ma'aunin kala akwai layin fata; baƙi da fari duk kusa da shi suke faɗawa, bambancin a haske ne. In ka kauce masa da nisa, ka ɓata. Mafi yawan abin da ake kira "ta yi duhu" ma rashin fitila ne a wurin ɗauka.

Hoton zauren biki yana ƙyafta ido.

Wutarmu a Najeriya da Nijar 50Hz ce, kai kuma ka bar kyamara a saitin Amurka, sai gudunta ya saɓa da na fitilun zauren. Ɗauki hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, saurin shata (marufin idon kyamara) 1/50 ko 1/100. Sa'an nan ka saita 25 ɗin a Resolve tun kafin ka shigo da komai, domin da 24 yake zuwa, kuma da ka fara jera hoto ba ya yarda a canza wa wannan jerin.

Murya ta rabu da baki a tsakiyar bidiyo.

Da waya ka ɗauka, ko? Waya ba ta riƙe gudun hoto guda, tana hawa tana sauka. Wuce da fayil ɗin ta HandBrake, shi ma kyauta ne, ka zaɓi tsayayyen gudu, sa'an nan ka shigo da sabon.