Wai taɓa NAT na kai mutum fursuna? Ku tsaya mu duba dokar tukuna

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yayata ta kira ni muryarta na rawa, wai in zo gida maza ɗanta zai jawo musu jandarma. Na ɗauki babur na tafi Yelwa, na tarar ta cire akwatin wifi ɗin ta naɗe shi da zani ta kulle a sif, yaron kuma yana zaune a tabarma kamar an masa mutuwa. Laifinsa ɗaya, ya shiga saitin akwatin yana son ya gyara NAT, wato yadda akwatin ke haɗa na'urorin gida da waje, don ya buga FIFA da abokansa na Marwa. Ita kuma ta ji wata murya da ake ta yaɗawa a WhatsApp, wai duk wanda ya buɗe fot, wato ƙofar da saƙo ke shigowa ta intanet, a akwatin gidansa ya zama ɗan kutse, ANTIC, hukumar da ke kula da tsaron intanet a Kamaru, tana ganinsa daga Yawunde, shekara 10 ne ba makawa. Na ce mata Yaya ki zauna, wanda ya yi muryar nan ya ji rabin magana ne ya cika sauran da bakinsa.

Dokar da ake ambata gaskiya ce akwai ta, ita ce mai lamba 2010/012 ta ranar 21 ga Disamba 2010 kan tsaron intanet da laifukan intanet a Kamaru. Ta shafi kamfanonin waya, masu ba da intanet, masu ajiye bayanan mutane, da ni da kai masu amfani. Shekara 10 ɗin ma ba ƙarya ba ce, akwai sassan da suka ce shekara 5 zuwa 10 da tarar miliyoyin sefa. Amma wa aka ce za a ɗaure? Nan ne mai muryar ya tsallake.

Sassan nan suna magana ne a kan wanda ya shiga tsarin sadarwa ko kwamfuta ta hanyar zamba, ko ba tare da yana da haƙƙi ba, ko ya lalata shi, ko ya hana shi aiki. Kalmar da komai ya rataya a kanta kenan, haƙƙi. Akwatin da ka saya da kuɗinka, layin da sunanka, kai kake biya duk wata, in ka rubuta 192.168.1.1 ko 192.168.8.1 a wayarka ka shiga saitinsa, ƙofar ɗakinka ka buɗe da makullinka. Su kansu masu ƙera akwatin ne suka buga adireshin da lambar shiga a takardar da ke manne a ƙasansa, da laifi ne da ba za su rubuta maka ba. Sony ma da kanta ta wallafa fot ɗin da PlayStation ke buƙata, irin su 3478, 3479 da 3480, Xbox kuma an san ta da 3074. To kamfani zai ba ka lamba ya ce ka buɗe, sannan a ce kutse ka yi?

NAT ɗin ma ba wani abin ɓoye ba ne. Gidanku adireshi ɗaya gare shi a idon intanet, amma a ciki akwai wayoyi bakwai da kwamfuta da PS4, akwatin shi ne kamar maigadin ƙofa, duk saƙon da ya zo shi ke sanin na wane ɗaki ne. In baƙo ya zo ba wanda ya aika a kira shi, sai maigadi ya ce ban san da kai ba. Wannan ne nau'in NAT da ake kira Type 3 a PlayStation, shi ya sa kake jiran abokin wasa har shayi ya huce, ko ku shiga amma ba ka jin muryarsa. Type 2 ya wadatar, ba sai ka kashe kanka neman Type 1 ba. Yawanci kunna UPnP, mai buɗe fot da kansa, a saitin ka kashe akwatin ka sake kunnawa ya isa, in bai yi ba sai ka ba na'urar wasan adireshi tsayayye ka tura mata fot ɗin. Masu saka DMZ, wato saitin da ke buɗe wa na'ura ɗaya dukkan fot, ku saka na'urar wasan kaɗai, kar wani ya saka kwamfutar da yake aikin kuɗi da ita, wannan ba maganar doka ba ce maganar hankali ce.

Yanzu inda dokar za ta iya cizo, kuma nan nake so samari su buɗe kunne. Da yawanku wifi ɗin da kuke wasa da shi ba naku ba ne. Na maƙwabci ne da ya ba ku lamba don mutunci, ko na mai gidan haya, ko na shagon da ke jikin gidanku. Ya ba ka lambar wifi, bai ba ka izinin shiga saitin ba, abu biyu ne daban. Kai kuma ka gwada admin admin ta buɗe, ka shiga ka canza abubuwa cikin dare, washegari kamarar shagonsa ta daina aiki. Yanzu kam ka shiga tsarin wani ba da haƙƙi ba, kuma cewa ai ƙofar ba a kulle take da kyau ba ba hujja ba ce, ko a unguwa wanda ya tura ƙyauren wani ya shiga ba a tambayarsa ƙarfin kwaɗon. Maganinsa kuwa ba wuya, ka je ka ce Alhaji don Allah ina son in gyara abu kaza, ku yi shi tare yana kallo. Haka kuma masu sayen wata hidima a intanet don su jefa wa abokin wasa cunkoso layinsa ya faɗi saboda ya ci su 4 da nema, wannan shi ne hana tsarin wani aiki, shi ne ainihin abin da dokar ta kira da sunansa. Kuma kar ka ce ba za a gane ba, dokar ta wajabta wa kamfanoni su ajiye bayanan haɗi na shekara 10, layukan kuma duk da katin shaida aka yi musu rajista.

Ni dai a ganina hukuncin ya yi nauyi in aka ɗora shi a kan yaro ɗan sakandare da ya taɓa akwatin maƙwabci don ƙwallo. An rubuta shi ne da ɓarayin banki a zuciya, amma kalmomin suna da faɗi, kuma doka mai faɗi talaka take fara kamawa. Abin dariya kuma, sashe na 78 na dokar nan dai ya ce wanda ya yaɗa labari ta intanet bai iya kawo hujjarsa ba, wata 6 zuwa shekara 2 ne da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10. Wato mai muryar ya fi ɗan yayata kusa da komisariya.

Ta dai fito da akwatin daga sif, muka jona, na kunna UPnP yaron na leƙe ta kafaɗata. Muka gwada, Type 3 har yanzu. Na duba adireshin da akwatin ya samu daga waje sai na ga ya fara da 100.64, alamar kamfanin ya haɗa ɗimbin mutane a bayan adireshi ɗaya ke nan, abin da ake kira CGNAT, kuma haka yawancin intanet na layin waya yake don adireshin IPv4 sun yi ƙaranci a duniya. Wannan maigadin yana can wajen kamfani, ko fot ɗari ka buɗe a gida ba ruwansa. Na ce masa sai dai a tambayi kamfanin ko suna ba da adireshi na kanka, ko a jira fiba ta iso layinku. Uwar ta ce in da ƙarin kuɗi a ciki to ya ci gaba da wasa da ƙaninsa a falo.