Allon rada a wasan Stormworks

Allon rada na'ura ce da 'yan wasa ke haɗawa da kansu a Stormworks: Build and Rescue, wasan kwamfuta na kamfanin Geometa wanda ya fito a matsayin gwaji a watan Fabrairun 2018, cikakkensa kuma a Satumbar 2020. A wasan mutum ne ke ƙera jirgin sama ko mai saukar ungulu ko na ruwa da tubala masu faɗin santimita 25. Ita rada, na'urar da ke gano abubuwan da ke nesa, lambobi kawai take fitarwa. Zana su a allo yadda matuƙi zai kalla ya gane aikin maƙerin jirgin ne, kuma da yaren shirye-shirye na Lua ake yinsa.

Siffar da aka fi ginawa ita ce PPI, da'irar nan da jirgi ke tsakiyarta layi yana kewayawa kamar hannun agogo, wadda aka fara amfani da ita a yaƙin duniya na biyu. Masu jiragen yaƙi kan fi son wadda ake kira B-scope, mai kusurwa huɗu, inda kwance ke nuna kwana tsaye kuma ke nuna nisa.

Kayan haɗi

Ana buƙatar rada ɗaya, allo, batir, da maikrokontrola, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa bayanai, mai ɗauke da akwatin Lua. Rada da allo duka sai an ja musu wayar lantarki, allon kuma yana da mashigar kunnawa tasa daban wadda sai an ba ta siginar "kunne". Yawancin allon da ya ƙi kawo hoto a gwajin farko, nan matsalarsa take. Daga rada ana jan wayar bayanai mai suna Composite zuwa maikrokontrola, daga can kuma wayar bidiyo zuwa allo.

Girman allo shi ke yanke abin da za a iya gani. Faɗin kowane tubali fiksel 32 ne, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, don haka allon 1x1 yana da 32 sau 32, na 3x3 kuma 96 sau 96. A allon 3x3, idan an bar fiksel 46 daga tsakiya zuwa bakin da'ira aka ce su wakilci mita 5000, kowane fiksel ya zama kusan mita 109. Jirage biyu da ke tafe da tazarar mita 100 a tsakaninsu ɗigo ɗaya za su fito. Allon 1x1 dai ado ne a irin wannan nisa.

Abin da rada ke aikowa

Wayar Composite tana da gurbin lamba 32 da gurbin kunne ko kashe 32. Rada tana iya bayar da rahoton abubuwa takwas a lokaci guda, kowanne da lambobi huɗu a jere: nisa da mita, kwanar hagu ko dama, kwanar sama ko ƙasa, sai lokacin da ya wuce tun da aka gano shi. Abu na farko yana gurbi 1 zuwa 4, na biyu 5 zuwa 8, haka har 32. Gurbin kunne ko kashe na 1 zuwa 8 su ke faɗin wanne ne ke ɗauke da abu na gaske. Wanda bai duba su ba zai tarar da ɗigo zaune daram a tsakiyar allo, domin gurbin da babu komai sifili yake bayarwa.

Kwanar ba da digiri take zuwa ba, da zagaye take zuwa: 0.25 na nufin digiri 90, 0.5 kuma baya sak. Su kuwa math.sin da math.cos na Lua radiyan suke karɓa, ma'aunin kwana da zagaye ɗaya ke zama 2π a cikinsa, saboda haka dole a ninka da 2π tukuna. In an manta, duk ɗigogin sai su taru a gaban hancin jirgi.

Lissafi da zane

Rubutun Lua a wasan kashi biyu ne. onTick yana gudana sau 60 a daƙiƙa, kowane gudu ɗaya shi ne bugu ɗaya, a cikinsa kaɗai ake karanta bayanai da input.getNumber da input.getBool. onDraw shi ke da ikon zane. Ba a cakuɗa su. Abin da onTick ya karanto sai a ajiye shi a tebur, wato jerin ajiyar bayanai na Lua, onDraw ya ɗauka.

Nisan da rada ke bayarwa na miƙe ne daga jirgi zuwa abin, don haka ana ninka shi da cos na kwanar sama a sami nisan ƙasa. Sai a raba da mita nawa fiksel ɗaya ke wakilta. Matsayin kwance shi ne tsakiyar allo a tara da wannan nisa sau sin na kwana. Na tsaye kuwa debewa ake yi da cos, domin a allon wasan lambar tsaye tana ƙaruwa ne yayin da ake gangarowa ƙasa. Ɗigon fiksel biyu da screen.drawRectF ya isa. Launi mai duhu yana fitowa da haske fiye da lambar da aka ba shi, shi ya sa zobban da ake zanawa don nuna nisa ake ba su kore mai rauni ƙwarai.

Inda aikin ke cijewa

Rada kamar tocila take, abin da haskenta ya faɗa kansa kaɗai take gani. In an tsuke faɗin hasken a saitinta za ta hango nesa, amma abu ba ya daɗewa a ciki, sai ɗigo ya ƙyafta ya ɓace. Magani shi ne a ajiye kowane abu a tebur tare da tsawon lokacin da ya yi tun da aka gano shi, a riƙa dusashe launinsa, a goge shi bayan zagaye ɗaya. Zagayen daƙiƙa huɗu bugu 240 ke nan. Sai dai abin da ya yi bugu goma cikin haske zai shiga tebur sau goma, kuma kowace shigarwa da ɗan kuskurenta, tunda wasan yana sa wa ma'aunin rada rawa da gangan. Ana haɗe duk sabon rahoto da tsohon da ke kusa da shi, a ɗauki matsakaici. Gogewa daga tebur kuma daga ƙarshe ake farawa a dawo farko, in ba haka ba table.remove zai sa a tsallake wasu.

A jirgin ruwa wannan ya wadatar. Jirgin sama mai gudun mita 100 a daƙiƙa kuwa ya ci mita 400 kafin haske ya dawo, in kuma ya karya kwana duk tsofaffin ɗigogin sun tashi daga aiki. Dole a mayar da kowane rahoto zuwa matsayinsa a taswira ta amfani da GPS da kamfas, sannan a sake lissafa wurinsa a allo a kowane bugu. Kamfas ɗin wasan ma da zagaye yake magana, kuma lambarsa tana ƙaruwa ne in an juya hagu, don haka ana juya alamarsa.

Nan ne ake cin karo da ƙarancin gurbi: takwas sau huɗu 32 ne cif, ba wurin da za a sa kamfas da GPS. Abin da aka saba yi shi ne a sadaukar da abu na takwas, a rubuta GPS biyu da kamfas da juyawar rada a gurbi 29 zuwa 32 da akwatin Composite Write, a takaita karatun Lua a abubuwa bakwai.

Saura karkata. Rada a jikin jirgi take, in fiffike ya kwanta digiri 40 ita ma ta kwanta, abin da ke dama sai ya zama rabi dama rabi sama. Masu son daidaito suna karanta karkatar jirgi daga na'urar awo mai suna Physics Sensor su juya lissafin a fuska uku kafin zane. Wasu kuma suna ɗora radar a kan mariƙi mai juyawa wanda na'urar auna karkata ke riƙe da shi a kwance, hanya mai sauƙin rubutu amma mai ƙara nauyi, kuma takan makara a kwana mai kaifi.